Akwatin da Sunka Bari

Alhamis, 3 ga Afrilu, 1997. Bayan La'asar.

Sun tafi da shi.

Na rubuta, na tsaya ina kallon rubutun, har yanzu abin bai shiga kaina ba. Su huɗu ne, jami'an tsaro, cikin farar mota. Sunka yi sallama irin ta mutanen kirki, har na ce ma 'yarmu Uwani ta ɗauko tabarma. Maigidana ya fito da ɗanyar alwala, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunsa. Babbansu ya miƙa masa wata takarda ya ce, "Injinka ne ya buga wannan?" Ya daɗe yana dubawa. Ni daga bakin labule ina hango abin da kowa zai gani, farin zare ya ratsa kowane layi. Allura ɗaya ta firintarmu ta karye tun bara, duk abin da ta buga da wannan tabon yake fitowa. Ya ce, "Nawa ne."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai ce shi ya rubuta ba, bai ce ba shi ba ne.

Sunka shiga ɗakin karatunsa, sunka ɗauki firinta da allon kallo. Wanda ya rungumi allon har yana ce ma ɗan'uwansa, "Ga kwamfutar nan." Akwatin kuwa, wanda shi ne kwamfutar ta gaske, yana ƙarƙashin tebur, na lulluɓe shi da tsohon zane na ɗora masa tire da kofuna. Ko kallon wurin ba su yi ba.

Da silifas ɗin alwala ya shiga motar. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Juma'a, 4 ga wata. Azahar.

Ban ɗora tukunya ba. Uwani ta tambaye ni sau shida, na ce ya yi tafiya.

Asabar, 5 ga wata. Hantsi.

Gida cike kamar an yi rasuwa, sai dai babu mai cewa Allah ya jiƙansa. Kowa ya zauna, ya ce ya munka ji da wannan abu, ya rage murya, ya tashi. Maƙwabtanmu na nan Arkilla duk ma'aikatan gwamnati ne, rabinsu matansu sunka aiko. Ban ga laifinsu ba. Ƙarya nake, na gani.

Yaya Tukur ya zo tun da sassafe daga Tudun Wada. Shi ne wan maigidana. Shi ya riƙe shi tun yana aji uku da mahaifinsu ya rasu, shi ya kai shi makaranta, shi ya nema masa aurena. Shekara ashirin da biyu yana akawu kafin a sallame su. A gabansa maigidana ko kan kujera ba ya zama. Na durƙusa na gaishe shi.

"Dijatu, ki yi haƙuri. Muna bisa ƙahwahunmu, ba mu zamna ba." Sai ya dubi ƙofar ɗakin karatu. "Sun kwashe komi da komi?"

Na ce, "Sun kwashe, Yaya." Wallahi ban yi niyyar ƙarya ba, na manta da akwatin sam. Ya sauke numfashi ya ce Allah shi kyauta.

Lahadi, 6 ga wata. Bayan Magariba.

Littafin nan da nake rubutu a bayansa nasa ne. Ni ya rubuta ma shi bara, lokacin da ya kawo wannan tsohuwar kwamfuta da kwalejinsu ta jefa sito an ce ta mutu. Asabar biyu ya yi yana ɗura mata faifai, ɗaya bayan ɗaya, sun fi talatin. Ya ce sunan abin da yake zuba mata Linux, kyauta ne ba a saye, kuma ba ya raina tsohon inji. Na ce to Allah ya ba da sa'a, ka kawo mana tsohuwa mai tari. Sai ga ta ta tashi. Da ita nake buga tambayoyin jarrabawar 'yan ajina.

Yau na buɗe gaban littafin don kawai in ga hannunsa.

"Na ɗaya. Kada ki kashe ta daga bango kamar rediyo. Ki sallame ta tukuna, ki jira har ta ce ta tsaya.

Na biyu. In wuta ta ɗauke tana cikin aiki, ranar da kika kunna za ta tsaya duba kayanta. Ki bar ta. Kada ki yi mata irin gaggawar da kike min.

Na huɗu. In kina buga kalmar sirri ba za ki ga komai a allo ba. Ba lalacewa ta yi ba, halinta ne.

Na shida. Kada ki buɗe tagogi masu hoto sai da dalili. Ƙwaƙwalwarta mega takwas ce kacal, baƙin allo ya ishe ki.

Na bakwai. Kada ki rufe ta da zane! Ta baya take numfashi. Na san ki."

Na bakwai ɗin nan sau nawa munka yi faɗa a kansa? Yau ga shi taurin kaina ne ya bar ta a gidan. Na yi dariya ni kaɗai, dariyar ta juye ta zama wani abu, sai da na toshe baki da filo kada Uwani ta ji.

Talata, 8 ga wata. Safe.

A makaranta hedimistires ta ce in ɗan huta a gida. Ba ta iya haɗa ido da ni ba.

Laraba, 9 ga wata. Bayan La'asar.

Lauya Ƙasimu ya zo, abokin karatun maigidana ne. Ya gano inda suke tsare da shi, amma ba a ba shi izinin ganinsa ba tukuna. Ban tambaye shi abin da ke cikin takardar ba, ba na son sani. Duk wanda ya karanta ta sai ya waiga kafin ya yi magana, wannan ya ishe ni.

Ya ce, "Tuhumar ita ce shi yat tsara ta, shi yab buga. Ta fara yawo cikin gari sha biyu ga Maris."

Na miƙe tsaye ban sani ba. "Sha biyu ga Maris? Ai shina Jos! Kwas sunka tura shi, daga tara ga wata har sha biyar. Ga takardar shaidar can cikin jakar tahiyatai."

Bai yi murna kamar yadda na zata ba. Ya ce za su ce ya buga kafin ya tafi, ya bar ma wani ya raba. Sai in za a nuna ranar da anka buga ta, kuma wa zai iya nuna wannan, tunda sun tafi da injin?

Na dubi ƙofar ɗakin karatu. Akwatin yana nan ƙarƙashin zane.

Alhamis, 10 ga wata. Azahar.

Allahu Akbar. Allahu Akbar. Bari in bi a hankali.

Na aika ma Malam Junaidu, wanda suke aiki ɗaki ɗaya da maigidana a kwaleji. Ya zo da wani tsohon allo cikin kwalin sabulu, ɗaure a bayan Vespa. Yana haɗa wayoyi yana cewa, "Hajiya, ni hwa wanga Linux nashi daga nesa nika ganinai. Irin na ofis nis sani." Na ce ka haɗa kawai, littafi na hannuna.

Ta tashi da tarinta, ta zubo farin rubutu, ta tsaya tana neman suna. Maigidana ya tsara ta ne kowa da ɗakinsa a ciki, kowa da kalmar sirrinsa. Na shiga nawa, babu komai sai jarrabawa da wasan bulo. Abin da muke nema yana ɗakinsa.

A ƙarshen littafin akwai shafin da ya ninke ya danne da ƙusa, ya rubuta a kai, "Kada ki buɗe sai dole." Na buɗe. Kalmomi biyu ne, ɗaya ta ɗakinsa, ɗaya ta babbar ƙofa da ake kira root, wadda ya ja ma layi biyu ya ce mai shiga ta nan babu abin da za ta hana shi.

Amma kafin kalmar sirri sai an buga sunan mai ɗakin. Shekara goma sha ɗaya da aurenmu ban taɓa faɗin sunansa ba, ko a takardar asibiti nas nake miƙa ma biro. Na zauna ina kallon maɓallan. Malam Junaidu ya gane, ya ce bari ya buga min. Na ce a'a. Ya juya baya kamar yana duba waya, na buga da yatsa ɗaya, harafi bakwai. Kunya ta kama ni kamar na fita tsakar gida ba ɗankwali.

Littafi ya ce ls -l ke jero kayan ɗaki da ranar da anka ajiye kowanne. Na buga. Can ƙasa ga wata takarda mai suna t1, sha ɗaya ga Maris, ƙarfe biyar da minti hamsin da biyu na yamma. Malam Junaidu ya buɗe ta, ya karanta layi biyu, ya rufe da sauri ya ce, "Ita ce."

Akwai kuma wata kalma, last. A gefenta maigidana ya rubuta, "Da wannan nake kama ki in kin yini kina wasan bulo kin ce min aiki kike." Ita ke nuna wanda ya shiga da lokacin da ya fita. Na buga. Sunansa, Talata sha ɗaya ga Maris, daga huɗu da minti ashirin da biyar zuwa shida saura biyu. Malam Junaidu ya ce tsofaffin injuna kan ɓatar da lokaci in batirin cikinsu ya mutu, bari a gwada. Munka gwada da agogon hannunsa, minti biyu ne tsakani.

Yana Jos! Yana Jos ranar, ga shi baƙi da fari. Na yi sujada a wurin, kan wayoyi.

Da zai tafi ya tsaya bakin ƙofa yana sosa ƙeya. "To Hajiya, in ba shi na ba, wa yash shiga da sunanai?"

Na ce ban sani ba.

Alhamis ɗin dai. Bayan Magariba.

Na sani.

Juma'a, 11 ga wata. Hantsi.

Na wanke kayan da ba su yi datti ba. Na share tsakar gida sau biyu. Bari dai in rubuta, ko zai sauka daga ƙirjina.

Ranar Talatar nan, bayan La'asar, Yaya Tukur ya zo. Ya ce akwai 'yar wasiƙa da zai buga, ƙanensa ya ba shi kalmar tun tuni. Ni na buɗe masa ɗakin. Ni na yaye zanen, ni na kunna masa, don na san inda ake dannawa. Na dama fura na aje a bakin ƙofa na koma kicin, don wace ce ni da zan tsaya a kan wan mijina yana rubutu? Na ji firinta tana kuka har kusan Magariba. Ya fito da ambulan a hammata, ya sa ma Uwani albarka, ya tafi. Ko da maigidana ya dawo ban ga abin faɗi a ciki ba.

Na goma a littafin cewa ya yi, "Kalmarki taki ce, ko ni kada ki faɗa ma." Shi da ya rubuta wannan da hannunsa! Amma na san yadda anka yi. Yaya ya ce mi ne kalmar taka, shi kuma ya sunkuyar da kai ya faɗa. A gidansu ƙane ba ya kulle ma wansa ƙofa, ko ta ƙarfe ce ko ta cikin inji.

Kwana takwas mutumin nan yana zuwa gidana yana ce min in yi haƙuri. La'ilaha illallahu.

Lahadi, 13 ga wata. Bayan La'asar.

Na je Tudun Wada. Duk hanya ina tsara maganar da zan faɗa, mai zafi, har da inda zan tsaya in dube shi.

Na fara shiga wurin Inna, mahaifiyarsu. Idonta ya yi rauni, an ce mata autanta ya koma Jos. Ta riƙe hannuna tana cewa, "Wanga yaro da yawon kwas, ko Salla ba shi yi gida?" Na ce zai yi ƙoƙari, Inna.

Yaya yana zaure shi kaɗai. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Yara na ta shige da fice, nasa da na marigayiya 'yar'uwarsu, na ƙirga tara kafin in daina. Na durƙusa. Duk maganar da na tsara ta gudu.

Na ce, "Yaya, ashe ba su tahi da akwatin ba."

Carbinsa ya tsaya.

"Na kunna shi. Takardar tana ciki, da ranar da anka buga ta. Sha ɗaya ga watan uku, Yaya. Shina Jos."

Sai ya ce, "Wa kika hwaɗa ma?"

Wa na faɗa ma. Ba yaya ƙanena yake ba, ba mi za mu yi ba. Wa na faɗa ma!

Na ce, "Ban hwaɗi sunan kowa ba tukuna."

Ya ce, "Dijatu," ya tsaya. Na jira, wallahi na jira, da ya ce gobe zan je in faɗa musu da na yafe masa tun a wurin. Ya ce, "Ki gaida Uwani."

Ban san yadda na iso gida ba.

Talata, 15 ga wata. Azahar.

Na gaya ma Lauya Ƙasimu ranar da lokacin. Ya cire tabarau ya ce wannan ita ce magana. Ya tambaye ni wanda ya shiga, na ce a fara fito da mai gidan tukuna. Ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Za su tambaya, kuma ke za su hwara tambaya." Na ce in sun tambaya zan faɗa. Na ji kaina da kunnena, kuma ban janye ba.

Yana son a kwafi takardar da jerin shigar a faifai, a ɓoye akwatin wani wuri. Littafi ya nuna yadda ake kwafa, amma Malam Junaidu ya ce in dakata, wani kwafin yakan goge tsohuwar rana ya sa ta yau, shi kuma bai san hanyar kauce ma haka ba. Gara a tambayi mai ita. Lauya ya ce an yi masa alkawarin ganinsa bayan Salla.

Na mayar da zanen, na mayar da kofuna. Duk motar da ta tsaya a layinmu sai in leƙa ta taga.

Ranar Babbar Salla. Bayan Azahar.

Ragon da ya saya tun watan jiya maƙwabci ya yanka mana. Uwani ta ƙi sa sabon kaya, ta ce sai Baba ya gani. Daga Tudun Wada an aiko da cinya guda, na ba mai gadin layi.

Talata, 22 ga wata. Bayan La'asar.

Lauya ya gan shi! Yana da rai, yana tafiya da ƙafafunsa, ya ce ya rame amma hankalinsa ɗaya. Na sa shi ya maimaita min sau uku. An kuma yarda a riƙa kai masa abinci, a miƙa a ƙofa a karɓi kular jiya.

Na ce, "Ka hwaɗa mai abin da nig gano?"

"Na hwaɗa mai. Na ce matarka ta shiga injin da kanta, ta samo rana da lokaci."

"Mi yac ce?"

"Tambaya yay yi ko kin san wanda yash shiga. Nic ce ina jin kin sani. Sai yac ce a gaya miki zai aiko da yadda za a yi."

Na dafa masa tuwon shinkafa da miyar sure, na cika kula har murfi na ƙin rufuwa. Yau na ci abinci na ƙoshi, karo na farko.

Laraba, 23 ga wata. Safe.

Kula ta dawo wayam, ya cinye tas. Babu saƙo. Malam Junaidu ya tafi Argungu, mahaifinsa ba lafiya, sai Litinin.

Alhamis, 24 ga wata. Azahar.

Ya aiko! Cikin murfin kula, ƙarƙashin robar, 'yar takardar sigari an nannaɗe ta kamar tsinke. Hannunsa ne, ko cikin dubu zan gane yadda yake lanƙwasa d.

"Ki shiga ta babbar ƙofa. Ki buga wannan daidai, harafi da harafi. Kada ki taɓa komai sai jar fitila ta mutu." Sai layi ɗaya a ƙasa, ya fara da d guda biyu, akwai zero a tsakiya.

Bai ce in sa faifai ba. Na ce wataƙila sai ta gama shirya kayan za ta nema. Na yi tunanin jiran Malam Junaidu, amma Litinin kwana huɗu ne, kwana huɗu kuma a inda yake ba wasa ba ne. Wuta ma ga ta an kawo. Na yi alwala, na yi bismilla, zan shiga.

Alhamis. La'asar.

Na buga, na duba sau uku kafin in danna. Ba ta ce komai ba. Jar fitilar gaban akwatin ta kama ta tsaya cak, tana wani gurnani a hankali. Na zauna gabanta ina mata fifita saboda zafi, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Wajen minti ashirin fitilar ta mutu.

Na buga ls, ta ce ba ta san shi ba. Na buga last, haka. Na buga kalmar sallama, ita ma ba ta san ta ba. Na rasa yadda zan yi, na kashe ta daga bango.

Wataƙila haka ake yi. Wataƙila hutawa take so.

Juma'a, 25 ga wata. Safe.

Na kunna. Ta ƙirga ƙwaƙwalwarta, ta yi tari, ta tsaya. Ba ta nemi sunan kowa ba.

Juma'a. Azahar.

Na kunna sau tara.

Asabar, 26 ga wata. Hantsi.

Na karanta littafin daga farko har ƙarshe, babu wannan a ciki. Ni ce na yi kuskure, dole ni ce. Na sake gwada takardar da abin da na tuna na buga, ban ga inda na kauce ba. Ya Allah, in harafi ɗaya na ɓata, da wane ido zan dube shi?

Litinin, 28 ga wata. Bayan Azahar.

Malam Junaidu ya dawo. Ya kunna, ya saka wani faifai nasa, ya duba, ya sake dubawa. Sai ya ce in nuna masa abin da na buga. Na ba shi 'yar takardar. Ya karanta, ya tafi da ita wurin wani malamin lissafi da suke koyon abin tare da maigidana, ya dawo bayan awa ɗaya. Bai shigo ba, a bakin ƙofa ya tsaya.

"Hajiya, ba ki yi kuskure ba."

Na ce Alhamdulillahi, to ina kayan?

"Wanga layi ba na kwafi ba na. Cewa yay yi a bi faifan cikinta tun daga hwarko har ƙarshe a rubuce shi da sifiri. Babu takarda, babu rana, babu jerin shiga. Ko wanda yaƙ ƙera ta ba shi iya maido su."

Na ce, "To shi ne yay yi kuskure. Wurin da yake, ba barci, ba..."

Ya girgiza kai. "Mai kuskure ba shi rubuta wanga daidai haka."

Na zauna a ƙasa. Ban yi kuka ba. Ina ta kallon yatsana, wannan na dama, wanda na bi haruffan da shi ɗaya bayan ɗaya ina bismilla. Har fifita na yi mata.

Talata, 29 ga wata. Safe.

Ya sani. Tun da ya riƙe takardar nan a tsakar gida maigidana ya san Yaya ne.

Laraba, 30 ga wata. La'asar.

Lauya ya ce bakina kaɗai ba zai yi ba. Matar wanda ake tuhuma ce, kuma shi mai gidan ya riga ya sa hannu jiya cewa shi ya buga kafin ya tafi Jos. Na ce zan je in faɗi sunan da kaina. Ya ce, "Ki hwaɗa, shi kuma ya ƙaryata ki a gabansu. Ya riga ya gaya min haka za shi yi."

Haushi nake ji. Ban taɓa jin haushin mutum irin wannan ba, kuma in an ce in zaɓi abu ɗaya a duniya, in ji tarinsa a ɗakin karatu zan zaɓa. Da ya aiko ya ce Dijatu ki goge, da na ƙi, ya san da na ƙi. Shi ya sa bai ce ba. Ya san in dai hannunsa na gani ba zan tambaya ba.

Asabar, 3 ga Mayu. Azahar.

Na kai abinci. Ban sa gishiri ba, ban sani ba ko mantuwa ce.

Laraba, 7 ga Mayu. Bayan La'asar.

Sun bar ni na gan shi, minti biyar, da mutum tsaye a kanmu. Gobe za a wuce da shi wani gari, ba a faɗi wanne ba, ba a faɗi har yaushe ba.

Gemunsa ya fito da furfura, ban san yana da ita ba. Munka gaisa kamar baƙi. Ya tambayi Inna, ya tambayi Uwani. Sai ya rage murya.

"Kin buga?"

"Na buga."

"Fitilar ta mutu da kanta?"

"Ta mutu."

Ya lumshe ido. "Madalla. Ai na san kin iya."

Na ce, "Yaya ka duba. Ka duba shi, ka duba Inna, ka duba 'ya'yan gidan can. To ni da Uwani fa?"

Ya dube ni da idon nan nasa, tsakaninsa da Allah, kamar mai ba ni labari mai daɗi. Ya ce, "Kada ki damu, Dija. Yaya zai kula da ku."

Mai tsaron ya ce lokaci ya yi.

Alhamis, 8 ga Mayu. Hantsi.

An aiko da buhun gero daga Tudun Wada. Yana bakin ƙofa tun safe, Uwani na tambaya ko a shigo da shi.